Ciwon da Ya Ɓuya a Bayan Tumbi

Alhaji Tambari mahauci ne a Sakkwato, ɗan Ƙofar Rini, kuma fawa gadonta ya yi wajen mahaifinsa. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi yana tsaye bayan teburin nama a babbar kasuwa, har ta kai idan uwargida za ta aika sayen naman suna ko na biki, sunansa take kamawa. Mutum ne mai jiki, mai ci. Duk wanda ya san shi ya san shi da son kitse. Idan an gasa hanta ya fi so a naɗe ta da kitsen ciki, ya ci da ɗanyar albasa yana tsaye yana ciniki.

A shekarar da ya cika sittin da biyu, 'yan kwanaki bayan Babbar Sallah, matarsa Hajiya Dije ta ɗumama masa soyayyen naman layya ta ajiye a gabansa. Ya ci tsoka biyu ya ture kwanon. Ya ce ƙila gajiya ce, tunda kwana uku ya yi yana fiɗa a gidajen mutane, ita ma ta ɗauka haka ne. Amma mako ya wuce, wani ya bi bayansa, cin abincin bai dawo ba. Ƙamshin mai ma ya fara tayar masa da zuciya, shi da ya girma a cikinsa.

Sai ciwo ya biyo baya. Da farko ba mai tsanani ba ne. Wani nauyi ne a saman cibiya, ƙarƙashin ƙirji, yana ratsawa ya fito ta baya kamar an ɗaure shi da igiya ana ja. Ya fi matsa masa bayan ya ci abinci, ko idan ya kwanta rigingine da rana don ya huta. Ya lura idan ya zauna ya sunkuya, ya ɗora ƙirji a kan gwiwa, sai abin ya lafa. Don haka ya koma zama a haka a kan bencin kasuwa, babban ɗansa Nura yana kula da masu saye. Amininsa Jibrin, mai sayar da gero da dawa a layin da ke bayansu, har tsokanarsa yake wai ya koma lazimi da rana tsaka.

Mai kemis na unguwa ya saurare shi a tsaitsaye, ya ce gyambon ciki ne, olsa, rabin mutanen garin da ita suke yawo. Ya ba shi farin ruwa a kwalba da ƙwayoyi, ya hana shi yaji da goro. Tambari ya bi doka. Wani makon ya ji kamar ya samu sauƙi, wani makon kamar bai sha komai ba.

Damina ta yi nisa kafin Dije ta fara magana a kan ramarsa. Ita ce mai wanke masa kaya, ita ta ga zariyar wandonsa tana ƙara tsawo wajen ɗauri, ta ga wuyan riga ya yi masa yawa. Ga ƙishirwa da ba ta ƙarewa, ga yawan zagayawa. Da ta matsa, ya je wani ƙaramin asibiti kusa da su. Aka soke masa yatsa, aka ɗiga jinin a na'ura, aka ce yana da ciwon suga. Abin ya ba shi mamaki. Babu mai shi a danginsu, ta uwa ko ta uba, kuma shi ba mashayin zaƙi ba ne, ko fura ba ya sa mata sukari. Ya faɗi haka, ma'aikacin ya ce shekaru ne, yakan zo da girma. Ya rubuta masa magani ya sallame shi.

A hanyarsa ta komawa gida sai ya ji hankalinsa ya kwanta. Yanzu komai ya samu suna. Ciwon ciki na olsa ne, rama ta suga ce. Bai zo masa a rai ya haɗa su wuri ɗaya ba, kuma cikin waɗanda suka duba shi babu wanda ya ji labarin duka. Mai kemis ya ji na ciki, ma'aikacin asibiti ya ji na ƙishirwa.

Bayan an cire amfanin gona ƙaiƙayi ya same shi. Babu ƙurji, babu borin jini, fata lafiya lau, amma jiki kamar ana yawo a ƙarƙashinsa. Tafin hannu da tafin ƙafa sun fi tsanani. Dije ta canja sabulu, ta shanya katifa, ta zuba wa gado maganin kuɗin cizo, duk a banza. Yakan ɗauki marfin tukunya ko bayan cokali ya dinga sosa ƙwauri har ya yi jini. Akwai kuma abin da bai faɗa wa kowa ba don kunya: fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, bayan gidansa kuma ya yi fari-fari kamar farar ƙasa, da maiƙo, ruwa ba ya tafiya da shi da sauƙi.

Jibrin ne ya fara ganin idon. Suna fitowa daga sallar azahar, rana ta haske fuskar Tambari, sai ya riƙe masa hannu ya ce ya dubi sama. Farin idon ya zama rawaya. Jibrin ya ce ai shawara ce, kuma shawara ba ta son allurar asibiti, kowa ya san haka. Washegari ya zo da jarka cike da jiƙon saiwoyi daga wajen wani mai magani da ya yarda da shi, wanda ya ce ya warkar da ƙanensa shekarun baya. Tambari ya sha safe da yamma, mako uku cur. Ɗacin maganin ya sa ya yarda yana aiki. Idon kuwa sai ƙara rinewa yake, har fatar fuskarsa ta soma ɗaukar launin.

A cikin wannan hali autarsa Khaula ta dawo. Malamar makaranta ce, tana aure a unguwar Gawon Nama, kuma ta yi wata biyu a Kaduna wajen wani kwas. Ta shigo gidan da tsarabarta tana sallama da fara'a, ta tarar da shi zaune a tabarma a tsakar gida. Sai ta tsaya cak. Waɗanda ke ganinsa kullum sun saba da ramar kaɗan-kaɗan. Ita kuwa a rana ɗaya ta gan ta duka. Ta durƙusa ta gaishe shi.

Ba ta yi gardama da kowa a kan shawara ba. Ta ciro takarda da biro daga jakarta, ta zauna kusa da mahaifiyarta, ta ce a faɗa mata yadda abin ya faro, daki-daki, da lokacin kowanne. Dije ta ba da nata, Nura ya ƙara. Da aka zo kan abin da Tambari ke ɓoyewa, sai Khaula ta tashi ta shiga ɗaki, ta bar iyayenta su biyu. Can Dije ta same ta ta faɗa mata a hankali, ta rubuta. Da ta gama ta karanta takardar daga sama har ƙasa, ta ninke, ta ce gobe da sassafe za su babban asibiti. Tambari ya ce a bari jarkar ta ƙare tukuna. Ta ce, "Baba, don Allah ka yi mani wagga alfarma. In sun ce shawara ta, ni da kaina zan ƙaro maka jiƙon." Bai taɓa iya ƙin maganar autar ba, sai ya amince.

Likitar da suka samu mace ce mai matsakaitan shekaru, ana kiranta Dakta Ummukulthum. Ta karanta takardar Khaula sau biyu kafin ta ɗago. Sannan ta shiga tambaya. Ko ya yi zazzaɓi da idon ya canja? Bai yi ba. Ko an taɓa yi masa ƙarin jini? A'a. Ko yana shan taba? Ya ce ya sha kusan shekara talatin, amma ya bari tun da ya sauke farali. Ta sa ya kwanta, ta danna cikinsa a hankali, ta daɗe a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Ta ce shawara ba cuta ɗaya ba ce, alama ce, kuma abubuwa da yawa kan kawo ta. Wata daga hanta take, wata daga jini, wata kuma toshewa ce. A dakatar da jiƙon, a yi gwajin jini da hoton ciki.

Hoton farko bai gamsar da ita ba, ta tura su na biyu, wanda ake kwantar da mutum a tura shi cikin wata babbar na'ura mai kama da bakin rijiya. Kwana huɗu bayan nan Khaula ta je karɓar sakamako ita kaɗai. Tambari bai san abin da ya gudana a can ba sai daga baya. Ta buɗe takardar tun a baranda, ta gane kalmar da ke ciki, ta shiga wajen likita tana kuka tana roƙon kada a faɗa wa mahaifinta, a ce masa dai hanta ce ta ɗan kumbura. Likitar ta ce ba za ta ɗora masa abin da bai nemi sani ba, amma idan ya tambaye ta ba za ta yi masa ƙarya ba, domin jikinsa ne, kuma akwai shawarwarin da shi kaɗai zai iya yankewa.

Abin da Tambari ya gani a gida shi ne canjin mutane. Dije ta daina yi masa mitar ƙin cin abinci. Idanunta kullum ja, ta ce hayaƙin murhu ne, alhali da gas take girki. Nura ya fara dawowa daga kasuwa tun kafin la'asar ya zauna kusa da shi ba tare da wani dalili ba. Ƙannen Tambari biyu da sai Juma'a suke leƙowa suka zo ranar Talata. Kowa yana yi masa magana a tausashe kamar baƙo. Ya kwana biyu yana kallonsu. Ya lura tsoron da ke fuskokinsu ya fi damunsa fiye da ciwon, domin ya raba shi da su. Suna wuri ɗaya da abin da suka sani, shi yana wani wurin shi kaɗai.

Ranar komawa asibiti ya sa babbar riga, ya ɗaura rawani, abin da ya daɗe bai yi ba. Dije da Khaula suka shiga tare da shi. Bayan gaisuwa, kafin likita ta buɗe fayil, ya gyara zama ya ce:

"Likita, shekara arba'in ina buɗa cikin dabba. Na san ciki mai lahiya, na san wanda ba shi da ita. Ki hwaɗa mani abin da kunka gani cikin nawa. Kada ki rage komi."

Khaula ta sunkuyar da kai. Likitar ta jawo kujerarta ta dawo gefensa, ta ɗauki farar takarda ta fara zane. Ta zana hanta, ta zana matsarmama a maƙale da ita, ta zana tumbi da farkon hanji. Yana gyaɗa kai, duk ya san su. Sai ta zana wata doguwar aba a kwance a bayan tumbi, kanta ya shige cikin lanƙwasar hanji. Ta ce likitoci suna kiranta fankiriyas.

Tambari ya sa yatsa a kan zanen. "Wagga 'yar tsoka mai laushi, hwara-hwara, da ke manne ga hanji? Na san ta. Mu ba mu ko kula ta, cikin kayan ciki mukan haɗa ta."

Ta ce ita ce. Ta bayyana masa cewa ƙanƙantarta ba ta hana ta manyan ayyuka biyu ba. Ita ke fitar da ruwan da ke narkar da abinci, musamman mai da kitse, kuma ita ke fitar da sinadarin da ke daidaita sukari a jini. A kanta ne wani ƙari ya tsiro. Shi ya sa kitse ya daina karɓarsa, shi ya sa sukari ya tashi masa rana ɗaya a wannan shekaru ba tare da gado ba. Ciwon da ke fita ta baya kuma, saboda a jikin baya take kwance, kusa da jijiyoyi. Sannan ta ja wani siririn layi daga matsarmama zuwa hanji, ya ratsa ta kan fankiriyas ɗin. Ta ce wannan ita ce hanyar ruwan matsarmama, kuma ƙarin ya danne ta.

Bai bari ta ƙarasa ba. Ya ce idan hanya ta toshe, ruwan baya zai koma. Ya taɓa ganin haka a tsohuwar saniya, matsarmama ta kumbura kamar za ta fashe, nama duk ya yi rawaya, dole aka zubar. Likitar ta ce haka ne. Ruwan ya koma cikin jini, shi ne a idonsa, shi ne ƙaiƙayin, shi ya rina fitsari, rashinsa a hanji kuma ya sa bayan gida ya yi fari.

Ya daɗe yana kallon takardar. Wata shida yana ɗauke da abubuwa biyar ko shida, kowanne da sunansa da maganinsa, ashe duk abu ɗaya ne.

"Ƙarin nan," ya ce, "ciwon daji na?"

"Shi ne, Baba. Za mu ɗauki ɗan yanki mu tabbatar, amma abin da hoton ya nuna ke nan."

Ya yi salati a hankali, ya ce daga Allah muke kuma gare Shi za mu koma. Dije ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya tambaya ko ana iya yanke shi a fitar. Likitar ta ce akwai waɗanda ake yi wa haka, idan an same shi yana ƙarami bai kama komai ba. Nasa ya riga ya naɗe manyan hanyoyin jini da ke bayan wurin, kuma akwai ɗigo biyu a hanta. Wuƙa ba za ta iya raba su ba. Wannan ma ya gane shi ba tare da dogon bayani ba.

Sai ya yi tambayar da ta fi tsaya masa a rai. "Da na zo tun bayan Sallah hwa?"

Ta ce ba za ta iya rantse masa ba. Wannan ciwo ɓoyayye ne, yakan daɗe yana girma ba a ji komai ba, kuma alamunsa na farko sun yi kama da na cututtukan yau da kullum, har likitoci yakan ruɗa. Mafi yawan masu ciwon ciki ba shi ke damunsu ba, haka mafi yawan masu suga. Amma idan mutum ya manyanta, ciwon saman ciki ya ƙi jin magani yana fita ta baya, ga rama ba dalili, ga suga sabon kamu, to ya kamata a duba cikin da hoto. Idan kuwa ido ya yi rawaya, wannan ba abin jira ba ne ko na mako ɗaya. Da ya zo da wuri, ƙila da an samu abin yi fiye da yanzu. Ƙila kuma a'a. Game da taba, ta ce tana ƙara haɗarin, amma ta ga ciwon a jikin waɗanda ba su taɓa kai ta baki ba, don haka kada ya zauna yana tuhumar kansa.

Ta ce rashin iya cire shi ba ya nufin babu abin da za a yi. Za a iya yi masa aiki a buɗe wa ruwan matsarmama wata hanya ta gefe, ƙaiƙayi da rawayar su tafi. Akwai ƙwayoyin da zai riƙa sha da abinci su taya shi narkarwa. Akwai maganin ciwo mai ƙarfi, kuma ba sai ya jure ba. Akwai kuma maganin daji da ake sawa ta jijiya, wanda ba ya warkarwa a irin wannan mataki, amma yakan rage wa ciwon gudu.

Suka shiga mota suka kama hanya har suka kusa gida. Sannan Tambari ya juyo ya ce wa Khaula ya san ta riga shi sani, kuma ya san dalilin da ya sa ta ɓoye, Allah ya yi mata albarka. Amma daga yau kada a ƙara yin wata magana a kansa a bayan ƙofa. A nan ne ta fashe da kukan da ta kwana shida tana riƙewa a gabansa, shi kuma ya bar ta ta yi.

An yi aikin bayan mako biyu. Kafin ya bar asibiti ƙaiƙayin ya ragu, cikin wata guda ya tafi gaba ɗaya. Ranar da ya fara yin barci bai farka yana sosa jiki ba, ya ce wa Dije bai taɓa sanin lafiyar fata ni'ima ce ba. Idonsa ya washe. Ya koma shan fura, yana cin tuwo kaɗan da miyar kuka marar mai. Masu zuwa dubiya suka fara yi masa barka, wasu har suna cewa ai dama shawara ce, ga shi ta sake shi. Waɗanda ba na jiki ba yakan amsa musu da alhamdulillahi ya bar su a haka. Na kusa kuwa yakan faɗa musu gaskiya.

Jibrin ne kaɗai bai zo ba. Ya aiko da gero, ya aiko da gaisuwa, amma ƙafarsa ba ta taka gidan ba. Tambari ya gane dalili. Ranar da ya ji ƙarfi ya sa Nura ya kai shi kasuwa, ya wuce teburinsa bai tsaya ba, ya zagaya layin 'yan hatsi. Ya tarar da Jibrin yana auna dawa. Da Jibrin ya gan shi sai ya ajiye mudun. Suka zauna a kan buhu. Jibrin ya ce tun da ya ji labari bai samu sukuni ba, shi ya kawo jarkar, shi ya ce kada a je asibiti, mako ukun nan a wuyansa suke.

Tambari ya ce ya tambayi likita wannan ma, ta ce abin ya riga ya yi nisa kafin idon ya canja. Ya ce, "Abin da ka sani shi ka kawo mani, kuma don ƙauna ka kawo. Ni ma da kai na, haka zan yi maka. Amma yanzu mun san abin da ba mu sani ba da. In ka sake ganin idon wani ya yi haka, asibiti za ka hwara kai shi." Jibrin ya share fuska da hannun riga ya ce in Allah ya yarda. Daga ranar kullum bayan la'asar yana gidan.

A cikin zaman jinyar ne wani abu ya dawo wa Tambari. Ya tuna rasuwar mahaifinsa, yana saurayi a lokacin. Tsohon ya rame cikin 'yan watanni, ya yi rawaya har tafin hannu, yana zama a sunkuye. An ce shawara ce, wasu suka ce sammu ne na abokan sana'a, har aka yi shekaru ba a gaisawa da wani gida a unguwar. Ya kai wa likita wannan labari. Ta ce babu yadda za a sani yanzu, amma ciwon yakan bi jini a wasu gidaje, kodayake ba su da yawa. Ranar Juma'a ya tara ƙannensa da 'ya'yansa a zaure. Ya ce ba don ya tsorata su ya kira su ba, yawancinsu in Allah ya so ba za su taɓa ganinsa ba. Amma duk wanda ya je gaban likita da ciwon ciki, ko aka ce masa ya kamu da suga, to ya faɗi abin da ya sami Tambari da abin da ake zaton ya sami mahaifinsu, kuma ya faɗi duk abin da yake ji a jikinsa, har wanda ake jin kunyar faɗa. Masu shan taba a cikinsu, su biyu, bai kira sunansu ba, ya dai dube su. Bayan an watse ya aika aka kira masa dattijon da ya rage a gidan da aka zarga da sammu, suka gaisa, suka daɗe suna hirar mutanen da.

Maganin jijiyar sau uku aka sa masa. Kowane zagaye yakan kwantar da shi kwana goma, amai da kasala, baki duk ya yi gyambo. Bayan na uku ya zauna da likita suka duba abin tare, ribar da ake samu da wahalar da ake sha. Ya ce yana so ya bari. Nura bai so ba, amma likitar ta ce shawara ce mai hankali, kuma barin wannan magani ba barin kulawa ba ne. Aka ci gaba da na ciwo, ana ƙara shi gwargwadon buƙata.

Azumi ya zo bai iya yi ba, karo na farko tun yana ɗan shekara goma sha biyu. Wannan ya taɓa shi fiye da yadda ya zata. Limamin unguwa ya zo ya zauna da shi ya tuna masa cewa sauƙin da Allah ya yi wa marar lafiya kyauta ce, ba a mayar da ita. Ya sa aka riƙa dafa abinci ana fitarwa a madadinsa, shi kuma yana zama a ƙofar gida da yamma yana kallon masu wucewa da ƙanƙara da kunu.

Bayan Ƙaramar Sallah, zafi ya tsananta, jikinsa ya ƙara yin ƙasa. Wata safiya ya ce yana so a fita da shi gari, ya gaji da kallon bango. Nura ya kawo mota, Dije ta shiga baya da matashin kai da gorar ruwa. Ya ce a bi hanyar jami'a. Da suka isa Kwalkwalawa ya sa aka tsaya a gefen gada. Fadama tana shimfiɗe a ƙasa, ruwan gulbi ya ja baya, manoma suna ta aiki, wasu na cire albasa suna tarawa, wani yana fama da injin ban-ruwa da ya ƙi tashi. Ɗalibai suna wucewa a kan babura. Aka buɗe masa ƙofa iska ta shigo da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Ya kai rabin sa'a yana kallo. Da injin ya tashi, ruwa ya fara gudu a cikin kwari, sai ya yi murmushi kamar gonarsa ce. Dije ta tambaye shi ko ciwon ya motsa, a koma. Ya ce yana nan, amma a ɗan ƙara jimawa.

Kwana goma sha biyu bayan nan ya rasu, da hantsi, a ɗakinsa, Dije na riƙe da hannunsa, Khaula na karanta masa Yasin. Aka yi masa sutura bayan azahar. Mahautan babbar kasuwa suka rufe teburansu suka zo gaba ɗaya, har masu sayen nama a ranar suka yi ta tambayar abin da ya faru.